Gonar Bakin Mayo Luti

Gonar da nake nomawa a bakin Mayo Luti
ba gadona ba ce.
Ubana ya karɓe ta a bakin bashin taki,
buhu goma sha ɗaya da jaka arba'in na sefa,
shekarar da tsutsa ta cinye audugar Gidar
ta bar wa mutane kara.

Mai ita Malam Isiyaku Bobbo.
Ranar da aka sa hannu gaban lawan
ina yaro, ina riƙe da keken ubana.
Na ga ya tsuguna a kunyar ƙarshe,
ya ɗebi ƙasa ya zuba a aljihu,
ya ce wa jakinsa, "Mu je."
Jakin ya ƙi.

Ya koma Marwa.
An ce yana rubuta wa mutane wasiƙa a ƙofar gidan waya,
da Faransanci, da boko, da ajami,
dala ashirin kowace takarda,
sauraron kuka kyauta.
Dare kuwa nasa ne, shi da aci-balbal
da takardar buhun siminti da ya yayyanka.

Littafi huɗu ya bari.
Na farko kan tsamiyar kusurwar gabas,
shafi sittin, babu ɗan Adam ko ɗaya,
sai birai, da kurciya, da inuwa mai rarrafe.
A na biyu ya zagi masu awon auduga
har aka kira shi ofis.
Ya dawo ya sake bango, bai taɓa cikin ba.
Na uku na matarsa Dudu ne,
wadda ta sayar da albasa ta biya maɗaba'a
ta rasu tawada ba ta bushe ba.
Na huɗu na kasa gamawa.
A shafi na tara akwai yaro riƙe da keke,
yana kallo, yana shan rake.
Ni ban tuna raken ba.

Wurin mai tsire na tsince su, a bayan tasha,
yana yagar na biyu yana ƙunshe nama.
Na biya kuɗin tsinke bakwai na kwashe.
Ashe mutumin ya fi ni sanin gonata:
inda ruwa ke kwana a watan takwas,
inda dutse ke laɓe yana jiran garma,
surin da ba a rushewa don macijin ciki na cin ɓera.
Na bi littafi na yi noma,
bana rumbu ya ƙi rufuwa.

Sai na ɗaura buhun dawa a mota na je.
Na same shi a zaure, yana ta rufe masa ido.
Ya tura hannu cikin buhu har gwiwa,
ya shinshina, ya tauna ƙwaya ɗaya,
ya ce, "Ta gefen suri ce.
Matanku ba su iya shiƙa ba."

Na ce, "Malam, zo ka karɓi rabi."
Ya yi dariya har tari ya kama shi.
"Da wace ƙafa? Bar ni da tawa,
tun da na shuka ta a takarda
fari bai taɓa faɗa mata ba."
Ya yi shiru. Ƙuda ya sauka a kofin shayi.
"Tsamiyar tana nan?"

Bara na sare ta. Kuɗin makarantar Asta,
da magani, da kwanon rufi biyu.

Na ce, "Tana nan, Malam."
Ya ce, "Ta kusa fure."

Da azumi aka binne shi.
An ce a aljihun tsohuwar rigarsa an sami ƙulli,
mai wanka ya zata laya ce.

Yanzu in shanuna sun kai kusurwar gabas
sai su kewaye kututturen.
Da rana tsaka Asta kan zauna a kai,
ta buɗe littafin farko,
tana karanta mini inuwa,
ni kuwa gumi na zuba.